Duwatsu Uku a Tudun Kanya

Ku 'yan ofis na yanzu, ina jin abin da kuke faɗa in na ba da baya. Wai aikin Baba Ummaru ba aiki ba ne: tauraron ɗan'adam ke ɗaukar hoto daga sama, kwamfuta ta duba ta ga inda ruwa ya malala, ta tura wa mutane gargaɗi a waya, shi kuwa tsoho yana kan kujera yana cin goro. Ban ji haushi ba, don goron kam ina ci. Amma tunda wata mai kamawa zan ajiye aiki, kuma an ce ba za a ɗauki kowa a gurbina ba, bari in rubuta muku yadda sana'ar take, da abin da na yi da hannuna a fadamar Diggi, wanda har yau ban samu ruwan da zai wanke shi ba.

Aikina na farko karanta sandar ruwa ne a gindin wata gada kusa da Kalgo. Sanda ce ta ƙarfe mai lambobi baƙi da ja, an kafe ta cikin gulbi, safe da yamma a je a ga inda ruwa ya kai a rubuta. Ni ɗan Gwandu ne, ɗan tudu, gidanmu masu gero ne da albasa, ruwan da na sani bai wuce na rijiya da na tafkin bayan gari ba. Wanda ya koya mini aikin shi ne Malam Bitrus, mutumin Zuru, gajere mai furfura, mai magana kamar ana sayar masa da kalmomi. Ranar farko na tsaya a kan gada na leƙa, na karanto masa lamba ina jin kaina. Sai ya miƙo mini takalmin roba ya nuna mini ƙasa. Da na shiga har cinya sai na ga ciyawa ce ta sarƙe sandar, ruwa yana tokare ta yana hawa, lambar da na karanto ta fi ta gaskiya da kusan taƙi guda. Na fito a jiƙe, ya ce in sake rubutawa.

Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa. Littafi a cikin leda, takalmin roba, keke, da fensir. Malam Bitrus ya hana biro, don in ruwa ya taɓa shi rubutun narkewa yake yi, fensir kuwa ko littafin ya faɗa gulbi a shanya a karanta. Har yau da fensir nake rubutu, kun sha yi mini dariya a kai. Banda sanda, ya koya mini karanta ƙasa. Layin laka a jikin bishiya yana gaya maka inda ruwan bara ya tsaya. Inda gara ta yi suri, ruwa bai cika kwana a wurin ba. Akwai kuma abu guda da yake maimaitawa har na gaji da ji. In muna tafiya cikin fadama ya ga duwatsu uku a jere sun yi baƙi, sai ya tsaya ya nuna da baki.

"Ummaru, wannan murhu ne. Duk inda ka gan shi, kada ka rubuta komai sai ka tambayi mai shi."

A shekarun can masu hulɗa da mu manoma ne da masunta. Sukan tare ni a hanya su tambayi yadda gulbi ya kwana, in gaya musu ya ƙaru da yatsa huɗu, su lissafa abinsu a zuci. Ba ma iya gaya musu abin da ke tahowa daga sama, sai abin da ya riga ya iso gindin gada, wanda su ma suna da idon ganinsa. Saboda haka da aka kawo aikin tauraro, ni ne na fi kowa murna, ban ɓoye muku ba. Malam Bitrus ya ga farkonsa kawai, sannan ya ajiye aiki ya koma Zuru, can kuma ya rasu.

Ga yadda abin yake, don na lura wasunku sun iya danna shi amma ba su iya bayyana shi ba. Tauraron yana wucewa ta kanmu bayan 'yan kwanaki, ya aiko wani abu ƙasa ya saurari dawowarsa. Gona da gida da daji suna mayar masa, sai su fito fari-fari a hoto. Ruwa shimfiɗaɗɗe ba ya mayarwa, sai ya fito baƙi. Hadari ba ya tare masa gani. Kwamfuta ta ɗora hoton yau a kan na baya, duk inda baƙi ya ɓullo sabo ta ce ambaliya ce, ta tura saƙo ga wayar da aka ɗaura wa wannan yankin. Ba ta jiran kowa ya sa hannu, abin da ake yabonta da shi ke nan.

Sai dai na'urar ba ta taɓa taka ƙasa ba. An taɓa tura ni Kambaza da gaggawa, wai ruwa ya ci gefen gari. Na isa da babur ina haki, na tarar da wani faffaɗan fili na yashi mai laushi, awaki kwance a kai suna tuƙa. Santsinsa ne ya fito baƙi. A Malisa kuma ta yi gaskiya: kwari ya cika ya yanke hanya, saƙo ya riga motocin kasuwa isa, mutane suka juya lafiya. Aikina ya koma wannan ke nan, in je in gani da ido, in dawo in gaya wa na'ura nan kin yi daidai, nan kin yi shirme. Aka ba ni babur da wata 'yar na'ura ruwan ɗorawa mai kama da waya, wadda in ka ajiye ta wuri guda ta natsu na 'yan mintoci, sai ta ba ka lambar wurin a taswira. Ita da kyamara da takalmin roba su ne ofishina.

A fadamar Diggi na san Arzika. Manomin shinkafa ne, dogo, baƙi, shi 'yan fadamar suka zaɓa ya riƙe wayar gargaɗi saboda ba ya wasa da amana. Daminar farko na'urar ta wahalar da shi. Ku da ba ku taɓa noman shinkafa ba, ku sani manoman fadama da kansu suke fasa kunya su shigar da ruwa gonakinsu in lokaci ya yi. Tauraro ya wuce ya ga wurin da yake fari makon jiya ya koma baƙi, kwamfuta ta ɗaga murya. Arzika ya bi gida-gida yana cewa a kwashe kaya, aka ɗaure tumaki aka hau da su tudu, aka zauna jiran ambaliyar da ba ta zo ba. Sau uku ana haka. A na ukun har yara suna bin sa suna kwaikwayon ƙarar wayar.

Ranar kasuwar Kalgo ya same ni a ofis, ya ajiye wayar a kan teburina, bai ko zauna ba.

"Malam Ummaru, ruwan ga mu munka buɗe mishi da hannunmu. Ka hwaɗa ma na'urar taku ta bar yi muna kuka bisa ruwan gonarmu. In ba haka ba, ga wayarku nan, ni na gaji da zama abin dariya."

Gaskiya ya faɗa, kuma akwai maganin abin. Ana iya zana layi a taswira a kewaye wuri, a ce wa na'ura: cikin nan ruwa ba labari ba ne, ki kau da ido. Mukan ce an rufe wurin. Doka guda ce a kai, kuma a rubuce take: ba a rufe inda mutane ke kwana. Sai ma'aikaci ya je da ƙafarsa ya zagaye wurin, ya ɗauki lambar kowace kusurwa, ya ɗauki ta tsakiya da hoto, ya sa hannu cewa babu mazauna.

Mu kuwa al'adar aikinmu ita ce a yi irin wannan zagaye da rani, don lokacin ne babur ke shiga fadama. Da damina sai kwalekwale, ga laka, ga sauro, kwana uku ba ka gama abin da za ka gama a yini guda ba. Kowa haka yake yi, ni ma haka na yi. Na shiga fadamar Diggi cikin tsakiyar zafi, ƙasa ta tsattsage, ba kowa sai karan shinkafa da shanun da ke kiwo can nesa. Arzika ya tafi cin rani, ban same shi ba, ban kuma nemi wani ya raka ni ba. Na ɗauki kusurwa huɗu kafin azahar.

A tsakiyar fadamar akwai wani ɗan tudu mai bishiyar kanya guda ɗaya, suna ce masa Tudun Kanya. Nan na hau don ɗaukar lambar tsakiya. Babu bukka, babu rumbu, babu ko tsumma. Amma a gindin kanyar akwai duwatsu uku a jere, sun yi baƙi, ɗaya yana da tsaguwa a gefe. Na gan su. Ba zan ce muku ban gani ba. Muryar Malam Bitrus ma ta zo mini. Sai na ce a raina makiyaya ne suka yada zango suka wuce, don haka muke ganin irinsu a tudun Gwandu bayan girbi. In na ce akwai mazauna, sai na zagaye tudun daban na fitar da shi daga layi, na nemo mai murhun, na sake dawowa wata rana, ga rana tana dukan ƙeya. Ƙasa yashi ce mai zafi, ina neman inda zan ajiye 'yar na'urar ta natsu, sai na ɗora ta a kan dutsen mai tsaguwa. Ta ba ni lamba, na ɗauki hoto, na rubuta babu mazauna, na sa hannu.

Abin da ɗan tudu irina bai lissafa ba, kowane ɗan fadama ya san shi tun yana goye. In shinkafa ta fara fitar da kai, tsuntsayen jan-baki suna sauka kamar hayaƙi, kuma ba a korarsu daga gida. Sai iyalai su tashi ɗungum, mata da tsofaffi da yara, su kafa bukkokin kara a kan tudun da ke tsakiyar gonaki, su zauna har a yanke. Bayan girbi a kwashe kara a yi makamashi, a bar duwatsun murhu don baɗi. Arzika bai gaya mini ba, don bai taɓa zaton akwai mai buƙatar a gaya masa ba.

Damina biyu abin ya tafi lafiya lau. Wayar Arzika ta daina ƙarya, mutuncinsa ya dawo, a ofis aka yaba mini har aka ce sauran su yi koyi da ni. Ya aiko mini da busasshen kifi a cikin kwando, na raba wa maƙwabta ina ba da labarin yadda na gyara wa tauraro ido. A shekarun nan biyu na rufe wasu wurare goma sha ɗaya, duk da rani, duk a kan babur.

Sai shekarar da ruwa ya yi yawa. Tun farkon watan da shinkafa ta fara fitar da kai, ruwa a sandar gada yake hawa ba ya sauka. Tauraro ya wuce ranar Talata, kwamfuta ta yi aikinta, saƙo ya tafi garuruwan bakin gulbi ɗaya bayan ɗaya, mutane suka fara kwashe kaya. Ni ina ta waya da masu unguwanni, ina jin daɗi wai aiki yana kyau. Fadamar Diggi ba ta zo mini a rai ba ko sau ɗaya, don a allona wurin toka-toka ne, ba ja ba baƙi. Arzika ya ji an gargaɗi na gaba da su da na bayansu. Ya duba wayarsa, shiru. Shekara biyu na'urar ba ta yi masa ƙarya ba, sai ya ɗauki shirun nan a matsayin magana, ya gaya wa mutanen tudu su kwantar da hankali, ruwan ba ta wajensu zai bi ba.

Ranar Juma'a da hantsi mazan tudun suka shiga kwalekwalensu biyu suka tafi Diggi masallaci, kamar yadda suke yi kowane mako. Ba su bar ko ɗaya ba, don ba a saba bari ba. Suna cikin sahu babbar kunyar da ke tare gulbi daga gabas ta ɓalle. Kafin su sallame su dawo bakin ruwa, fadamar ta zama gulbi guda mai gudu, kwalekwale ba ya iya yanka shi kai tsaye, sai da suka yi dogon zagaye. Matan da ke da ƙarfi sun tura yara kan kanya suka bi su, aka same su a rassa da la'asar. Mahaifiyar Arzika, Inna, tsohuwa ce, ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Matarsa Hajo ta riga ta hau, ta miƙa goyonta ga wata, ta sauko don ta ɗauko tsohuwar. Bayan kwana biyu aka same su a cikin wata gonar, nesa da tudun, zanensu a ɗaure da juna.

Da labari ya iso ofis na buɗe ɗanyen hoton ranar Talata, wanda ba mai dubawa tunda na'ura ke dubawa. Na ɗaga rufin na ɗan lokaci don in ga abin da ke ƙarƙashinsa. Baƙi ya riga ya cinye hanyar ƙafa, ya zagaye tudun, ya wuce duk inda ya taɓa kaiwa. Tauraro ya gani sarai. Kwana uku cur suna da shi, da kwalekwale biyu, da tudun Diggi a kusa. Na zauna a kujerar nan da kuke gani na kasa tashi.

Na je gaisuwa, na zauna a bayan mutane, Arzika ya amsa mini kamar kowa. Bayan sadakar bakwai ya zo ofis. Wannan karon ya zauna. Ya ce ba rigima ta kawo shi ba, yana so ne ya ga abin da na'urar ta gani, don ya san ko makancewa ta yi. Na buɗe masa taswirar. Ya daɗe yana kallo, ya gane gulbi, ya gane hanyar Kalgo, sannan ya ɗora yatsa a kan toka-tokan.

"Mi na na wanga?"

Na ce masa rufi ne, wurin da aka ce wa na'ura ta kau da ido.

"Wa ya ce mata?"

"Ni ne."

 Yatsansa yana kan allon, ya taɓa ɗigon tsakiya ba da niyya ba, hoton da na ɗauka ran nan ya buɗe. Ga kanya, ga yashi, ga 'yar na'urata ruwan ɗorawa zaune a kan dutse mai tsaguwa, ga rubutuna a ƙasa. Bai iya karanta boko ba, amma bai buƙaci karatu ba. Ya matso da fuskarsa kusa.

"Wanga murhun Hajo na. Ni na ɗauko mata dutsen ga daga bakin hanya."

Ya ɗago ya dube ni.

"Malam Ummaru, ni na ce ka hana ta kuka bisa ruwan gona. Ban ce ka hidda mu cikin mutane ba."

Bai ɗaga murya ba. Ya zaro wayar daga aljihu ya ajiye a inda ya taɓa ajiye ta shekara uku baya, ya yi mini sallama ya fita. Da ya zage ni ko ya kai ni ƙara, da na fi samun sauƙi. A ofis an yi zama, aka duba takardu, aka ga na bi kowane mataki, akwai kusurwa huɗu, akwai hoto, akwai sa hannu. Aka ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce, na yarda, amma ni na san a kan me na ɗora na'urar.

Na cire rufin Tudun Kanya gaba ɗaya a ranar da Arzika ya zo. Daga nan na sa kaina bin sauran goma sha ɗayan da damina, cikin kwalekwale, ina tambayar duk wanda na tarar. Na gama bakwai. A uku daga ciki na tarar da bukkoki, da mata suna girki a tsakiyar wurin da na rantse babu kowa. Huɗu sun rage. Gwiwoyina sun ƙi, babur ɗin an karɓe, an ce sabuwar na'urar ta yi wayon da ba ta buƙatar mai zuwa dubawa. Wataƙila ta yi. Amma layukan da na zana suna nan a cikinta, an kwashe su daga tsohuwar an zuba mata yadda suke, kuma na rubuta takarda sau uku ba a ba ni amsa ba. Sunayen wuraren huɗu suna aljihun tebur na biyu, a rubuce da fensir. Ba na tsammanin za ku je. Na ga takalman da kuke sawa. In dai wani ya je, ya je lokacin da shinkafa ta fitar da kai, ya nemi hayaƙi.

Arzika ya bar noman fadama, an ce yana wajen 'yarsa a wani gari. Babu wanda ya sake kafa bukka a Tudun Kanya, kuma babu wanda ya yarda ya riƙe wayar, sai na ɗaura yankin a kan lambata. Yanzu duk lokacin da masu gonakin gefe suka shigar da ruwa, na'urar tana kuka da gaskiyarta da ƙaryarta, ba mai hana ta. Makon jiya ma saƙon ya shigo ina cin tuwo: ruwa yana tahowa Tudun Kanya, a gaggauta kwashe mata da tsofaffi. Na karanta shi har ƙarshe, na duba lambobin da ke wayata daga sama har ƙasa, babu wanda zan kira.